Na nesanci mahaifiyata don in kare ta, ita kuwa tana ganin na yar da ita

An yi wannan tambaya da amsarta ne a tsakiyar annobar korona, kafin rigakafi ya wadatu.

Tambaya

Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce. Wata bakwai da suka wuce aka mayar da ni sashen da ake kwantar da masu korona, tun daga ranar ban sake taka ɗakin mahaifiyata ba, ni da ba na kwana uku ban je na gaishe ta ba. Ta haura shekara 70, ga ciwon suga ga hawan jini. 'Ya'yana biyu ma na hana su zuwa. Da farko ta ce ta gane, har ta sa mini albarka. Yanzu in na kira ta, daga gaisuwa sai ta ce barci take ji. Rannan ta ce wa ƙanwata wai in ta mutu ai na huta da tsoron ɗaukar mata cuta. Yayanmu ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma wai boko ya cinye mini tawakkali. Su kuwa 'yan'uwan nawa shiga wurinta suke yi suna fita, ko takunkumi babu. Ba na iya barci, a banɗakin asibiti nake ɓuya in yi kuka, yara kuma abu kaɗan sai in hau su da faɗa. Ina tsoron ta rasu ban gan ta ba, ina kuma tsoron in je in kai mata ajali da ƙafata. Laifi na yi? In koma ne, ko in ci gaba da nesanta kaina?

Amsa

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka miki da alheri a kan aikin da kike yi. Bari in fara da abin da kika fi matsuwa ki ji: ba ki yi laifi ba. Sai dai akwai gyara a yadda ake tafiyar da wannan nisa, kuma gyaran da ɗan yawa, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsata.

Tsoron da kike ji yana da tushe. A watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da bayanin mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu. Cikin masu shekara 20 zuwa 39, mutum 2 ne cikin 1,000 suka rasu. Cikin masu shekara 70 zuwa 79 kuwa, 8 ne cikin 100. Masu ciwon suga, sama da 7 cikin 100. Alƙaluman farko-farko ne, kuma tun daga lokacin likitoci sun ƙara sanin kan jinyar, amma tazarar da ke tsakanin tsoho da matashi tana nan inda take. Ga shi kuma mutum na iya yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ko da ciwon kai, ke kuwa kullum kina kan gadon masu ita. Wanda ya ce miki tsoron banza kike yi bai taɓa tsayawa a kan tsohon da numfashi ke gagara ba. Ke kin tsaya.

Maganar tawakkali kuwa, ba yau aka fara jifan mai taka-tsantsan da ita ba. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham. Da ya kai wani wuri da ake kira Sarg, sai kwamandojin runduna suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a can. Ya shawarci Muhajirai suka rabu biyu, ya shawarci Ansaru su ma suka rabu biyu, sai da ya kira dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan ya juya da jama'a. Abu Ubaida, ɗaya daga cikin kwamandojin, ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, e, muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ana cikin haka Abdurrahman bin Auf ya iso, ya ce ya ji Manzon Allah (SAW) yana cewa idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim, kuma an yi ta maimaita shi tun da korona ta shigo.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. Malaman tarihi sun kawo cewa da annobar ta yi tsanani, Umar ya rubuta wa Abu Ubaida cewa yana da wata buƙata gare shi, ya taho maza. Abu Ubaida ya gane so ake a fitar da shi daga cikin annobar, sai ya mayar da amsa cewa yana cikin rundunarsa, ba ya son rabuwa da su, a yi masa uzuri. Umar ya karanta wasiƙar ya yi kuka, har mutane suka tambaye shi ko Abu Ubaida ya rasu ne. A lokacin bai rasu ba. Daga baya annobar ta ɗauke shi, ta ɗauki Mu'azu bin Jabal. Ki dubi mutumin nan da kyau. Ya yanke hukuncin da ya dace, hadisi ya zo ya ƙarfafe shi, amma hakan bai hana shi kewar ɗan'uwansa ba, bai hana shi neman dabarar ganinsa ba, bai hana hawaye zuba ba. Ke kin ɗauki kukan da kike yi a banɗaki a matsayin shaidar cewa kin yi kuskure. Ni abin da na gani a cikinsa kawai, kina son uwarki.

Yanzu mu zo kan Mama, don a nan ne na ga an yi sake. Ke kika yanke shawarar, ita kuwa sanar da ita aka yi. Ke kina da aikin da ke cinye miki yini, kuma kowace safiya kina ganin dalilin nisan da idonki. Ita ba ta ganin komai sai ƙofar da ba ki shigo ba. Ƙwayar cutar ba ta taɓa gani ba, sauran 'ya'yanta suna shiga suna fita kuma ga ta nan da ranta, to a lissafinta wa ya fita daban? Ke. A watan farko ta ɗauki abin a matsayin kulawa, shi ya sa ta sa miki albarka. Amma wanda ya haura 70 ba ya ƙirga watanni yadda ke kike ƙirgawa. Ke kina cewa "in annoba ta wuce", ita tana tambayar kanta ko za ta ga wucewar. Maganar da ta yi mai ɗaci ce, na yarda, sai dai ki lura da wadda ta faɗa wa: ƙanwarki, wadda ta san ba za ta kwana ba ta kawo miki ba. Aike ne ta yi. Uwar da ta haƙura da 'yarta ba ta wahalar da kanta da aike.

A watan Fabrairun 2020 ɗin nan dai, mujallar likitanci ta Lancet ta buga nazarin wasu masana na King's College da ke Landan, waɗanda suka tattara bincike 24 a kan mutanen da aka killace a annobobin baya, irin su SARS da Ebola. Cikin abubuwan da suka ga suna ƙara wa killacewa zafi akwai tsawonta, da rashin gamsasshen bayani, da tsoron kamuwa, da gundura. Sun ja kunne a kan ƙara wa'adi bayan an sa shi, komai ƙanƙantar ƙarin. Sun kuma nuna cewa killacewar da mutum ya yarda da ita da kansa, yana ganin wasu yake karewa, ta fi sauƙin ɗauka a kan wadda aka ɗora masa. To ki auna Mama da wannan ma'auni. Ba ita ta zaɓa ba. Ba a ba ta rana ba. Kuma babu wanda take karewa, ita ake karewa, matar da ta yi shekaru ita ce ke tsaye a kan kowa. Mai ɗauke da kaya in ya san inda zai sauke, wuyansa ya fi jurewa, ku biyun kuwa kuna ta tafiya babu wadda ta san masauki.

Don haka ki daina yi mata bayanin cutar. Na tabbata kin yi har kin gaji. Duk lokacin da ta yi ƙorafi kika amsa mata da ƙwayar cuta da yadda ake kamuwa, abin da ke shiga kunnenta shi ne ba a saurare ta ba. Ki kira ta a lokacin da babu kowa a kanta, ki ba ta haƙuri a kan cewa kin yanke shawara ke kaɗai ba ki nemi tata ba. Sannan ki faɗa mata abin da kika faɗa mini kika ɓoye mata: ba kya barci, kina kuka. Na san abin da za ki ce, ba kya son ɗaga mata hankali, ga hawan jini. Amma kin yi ta ɓoye rauninki har ta ɗauka nisan bai dame ki ba. Muryar nan da kike tsayawa ki gyara kafin ki danna kira, ki goge ido, ki yi gyaran murya, ita take ji a matsayin halin ko-in-kula. Ki bar ta ta ji ta a karye sau ɗaya. Ki ce mata wani abu kamar haka: "Mama, na kasa. Ina son ganinki, ina kuma tsoron in cutar da ke. Ga hanyoyin da na sani, ki zaɓa mana." Daga ranar da ta zaɓa, nisan da ya rage ya zama nata ita ma, tana iya cewa duk wanda ya tambaya, "Ni na ce ta tsaya daga can."

Ba cewa nake ki miƙa mata wuƙa da nama ba. Akwai abin da ba za ki yarda da shi ba, kamar ki taso daga aiki ki shige ɗakinta ki zauna a bakin gado, kuma wannan ki faɗa mata a sarari. Amma tsakanin wannan da ƙaurar wata bakwai akwai fili mai faɗi, kuma tambayarki ta tsallake shi gaba ɗaya. Ina jin lokacin da kika yanke shawarar, tsoro ne ya rufe ko'ina, duk duniya ana ta wanke ledar kayan kasuwa da mariƙin ƙofa. Yanzu an san abubuwa da yawa, ke ma kin san su a wurin aiki, a kan Mama ne kawai ba ki yarda ki yi amfani da su ba. Cutar ta fi kama mutane a rufaffen wuri, inda iska ba ta zagayawa, ana kusa da juna, kuma an daɗe. Wani bincike da aka yi a Japan a farkon annobar ya nuna yiwuwar yaɗa ta a rufaffen wuri ta ninka ta fili kusan sau 19. Ƙasar Holan ta hana ziyara a gidajen kula da tsofaffi a watan Maris na 2020, da aka ga yadda kaɗaici ke cin tsofaffin sai a watan Mayu aka gwada buɗe gidaje 26 bisa sharuɗɗa, mai ziyara ɗaya ga kowane tsoho, da tazara a tsakani, kuma a makonnin farko na gwajin ba a samu sabon kamuwa a cikinsu ba.

Saboda haka ki je ki gan ta. A fili, inda iska ke kaɗawa, da tazarar mita 2, kowa da takunkuminsa, kamar rabin sa'a, a ranar hutunki kuma ranar da ba ki ji komai a jikinki ba. Haɗarin bai gushe gaba ɗaya ba, amma ya yi ƙasa ƙwarai. Shi ma zaman baƙin ciki ga tsohuwa mai suga da hawan jini yana da tasa ɓarnar: mai baƙin ciki yakan rage cin abinci, ya yi wasa da magani, ya daina motsa jiki, ya yini a kwance. Kin yi wata bakwai kina auna haɗari ɗaya kawai.

Ki shirya wa ziyarar farko, domin za ta yi zafi. Za ta miƙo hannu ba tare da ta yi tunani ba, jikinki kuma zai tafi kafin hankalinki ya tsayar da shi. Shi ya sa ake gama maganar tun a waya, a ajiye kujeru biyu tun kafin ki iso, kowa ya san tasa. Za ta ce ki cire abin nan ta ga fuskarki. Ki ƙara ja da baya sosai, ki sauke shi na ɗan lokaci, ta gan ki, ta ga shatin da ya yi miki a karan hanci, sannan ki mayar. Tsofaffi da yawa jinsu ya ragu, da motsin leɓe suke taimaka wa kunne, takunkumi kuwa ya rufe musu wannan, don haka ki yi magana a hankali kuma da ƙarfi. Kafin ki tashi ki faɗi ranar dawowa, tsayayyiyar rana, kada ki ce "sai na samu lokaci". Mai yiwuwa ma karon farko ta ƙi fitowa. Fushi ne, kuma tana da haƙƙin yin sa. Ki gaishe ta ta taga, ki faɗi ranar da za ki dawo, ranar kuma ki cika.

Idan wurin aikinki zai ba ki hutu mai ɗan tsawo, akwai abin da ya fi wannan. Nau'in cutar na farko yakan bayyana ne cikin kwana 5 zuwa 6 bayan kamuwa, iyakar da aka ɗauka a 2020 kuma kwana 14 ce. Ki killace kanki tsawon wannan wa'adi tare da duk wanda kuke gida ɗaya, ki yi gwaji wajen ƙarshe-ƙarshe, tun da gwajin da aka yi da wuri yakan ce babu alhali akwai, sannan ki je ki yi kwana biyu a ɗakinta, ki taɓa ta, ki shafa mata mai a ƙafa. Na san hutu yana wuya ga ma'aikatan jinya a wannan lokaci. Ko da wata uku ne nan gaba, ki nema tun yanzu, in an ba ki ranar ki faɗa mata. Amma kada ki faɗa sai kin tabbata, don ɗaga rana bayan an sa ta ya fi rashin sa ta ciwo.

Sai waya. Na san irin kiran da kuke yi, don kusan kowane gida an yi shi a wannan annoba: ya jiki, da sauƙi, kin sha magani, na sha, an auna suga, an auna, shiru, to sai anjima. Wannan ai zagayen duba marasa lafiya ne. Nas ce ta kira, 'yarta ba ta kira ba tukuna, ba mamaki barci ya kama ta. Da can in kin je, ba tambayoyi kike jera mata ba, zama kike yi, tana abinta kina naki, magana ta zo ta wuce. Ana iya yin haka a waya. Ki kira, ki buɗe lasifika, ki ci gaba da wanke-wanke ko ninke kaya, ki bar ta ta ji hayaniyar gidanki. Ki kai mata ƙarar yara ta yanke hukunci. Ki tambaye ta abin da ita kaɗai ta sani, sunayen kakanninta, yadda ta yi da ke lokacin da kike rigimar ƙuruciya, wace cuta ce ta taɓa ratsa mutane tana yarinya kuma yaya aka yi. Ki kawo mata matsala ta gaske ki nemi shawara, ki bi, ki dawo ki faɗa mata yadda ta kaya. In kiran bidiyo ne kuma goshinta da silin ɗaki kawai kike gani, ki ƙyale ta, kada ki mayar da hirar darasin riƙe waya. Ki tsayar da lokaci ɗaya kullum, ko da minti biyar ne tsakanin aiki, domin jiran kiran shi kansa yana cike mata wani yanki na yini.

Yaran ma an raba su da kakarsu ba a tambaye su ba. Su riƙa aika mata saƙon murya, ita ma a koya mata mayarwa. Tsofaffi sukan saurari saƙo ɗaya sau da yawa. Kuma yaro in ya ga uwa na faɗa ba dalili, kansa yake zargi. Ki zaunar da su ki ce kin gaji ne, kina kewar Mama, ba laifinsu ba ne. In za ki ziyarar fili, ki je da wanda zai iya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Wanda zai ruga ya faɗa jikinta, a ɗan dakata masa.

Yayanku kuma. Ba ki rubuta ba, amma ina zargin fushin da kike yi da shi ya kai rabin abin da ke hana ki barci. Kin hana kanki uwarki, wasu kuma suna buɗe ƙofar da kika rufe. Da ciwo. Kada dai ki yi musu da shi a zauren WhatsApp na iyali, inda kowa ke kallo kuma babu mai son a ga ya sauko. Ki kira shi shi kaɗai, ki ba shi girmansa, ki gode masa, tun da su ne ke kusa da ita a watannin nan. Sai ki roƙi abin da zai iya yi ba tare da ya ce kin yi gaskiya ba: mai tari ko zazzaɓi kada ya shiga wurinta, a bar taga a buɗe, a rage cika mata ɗaki, wanda zai zauna kusa da ita ya sa takunkumi. In ya ɗauki biyu ya bar biyu, an ci riba. Karin maganar da ya jefe ki da shi, ba ƙarya ya yi ba, kuma ranar da ƙafarki ta fara zuwa maganar ta mutu da kanta. Abin da ba za ki iya ba shi ne zama mai gadin ran Mama ke kaɗai, daga nesa, a gidan da ba ke ke riƙe da mabuɗinsa ba.

Na bar mafi nauyi sai yanzu. Kina tsoron ta rasu ba ki gan ta ba. Ba zan ce miki hakan ba zai faru ba. Ya faru da mutane masu ɗimbin yawa a wannan annoba, ke da kanki wataƙila kin taɓa riƙe wa majinyaci waya a kunne iyalinsa na magana da shi karo na ƙarshe. Ko babu korona, ba a yi wa kowa alkawarin baɗi ba, balle mai shekarunta da ciwonta. Wannan ne babban dalilin da ya sa ban yarda ki ci gaba da ƙaurar yadda take ba. Akwai kuma maganganun da mutane ke ajiyewa sai bakin gadon mutuwa, alhali babu abin da ya hana a yi su ranar Talata da hantsi: ki yafe mini, na gode da wahalar da kika sha a kaina, ki sa mini albarka. Ki yi su yanzu, tana zaune da ƙarfinta, tana iya amsa miki har ma ta yi miki tsiya. Sannan ki yi yarjejeniya da 'yan'uwanki: idan jikinta ya rikice da gaske, a kira ki nan take, kada a ɓoye miki wai don kina wurin aiki. A wannan rana za ki sa kayan kariya ki shiga har bakin gadonta, kin fi kowa a gidan iya sa su. Ki faɗa wa Mama wannan da bakinki. Ina kyautata zaton shi ne ainihin abin da take son ji lokacin da ta yi waccan magana.

Ɗaya tsoron, na kai mata cutar. Idan kin bi matakan nan kuma duk da haka ta kamu, babu mai iya cewa daga wurin wa ta fito a gidan da mutane ke shiga da fita. Zuciyarki za ta ce ke ce, don haka zuciyar mai kulawa take, ko ba ki je ba ma sai ta nemo miki laifi. Ƙoƙari ake tambayar bawa, ke kuwa naki har ya so ya yi yawa.

Saura ke. Lokacin cutar SARS a 2003, an yi bincike a kan mutum 129 da aka killace a Toronto ta ƙasar Kanada, akasarinsu ma'aikatan lafiya. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun nuna alamun ciwon damuwa, kusan haka kuma sun nuna alamun firgicin da ke biyo bayan mummunan abu, alhali killacewar tasu ta kwanaki ce. Ke wata bakwai kike ciki, ga ganin mutuwa a wurin aiki. Rashin barci da kuka da saurin fushi ba abin mamaki ba ne, amma kada ki mayar da su abin da ake zama da shi. Idan kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum ranki a jagule, ba kya jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, ko kin fara kuskuren da ba ki saba yi ba a wurin aiki, ki ga likita. Idan kuwa tunanin gara ki mutu ki huta ya fara leƙo ki, kada ki jira ko kwana ɗaya, ki faɗa wa wani a ranar. Ku ma'aikatan lafiya kun fi kowa taurin kai a nan. Za ki tura majinyaci wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ko ɗar, amma ke ki ce gajiya ce. Kuma ki duba cikin abokan aikinki, da wuya a ce ke kaɗai ce ke shiga banɗakin nan ta fito da jan ido. Ki fara yi wa ɗaya magana. Da dare kuma ki daina bin adadin waɗanda suka mutu a waya, wanda kika gani da rana ya ishe ki.

Batun rigakafi, an fara yin sa a Ingila ranar 8 ga Disamba, 2020, wata tsohuwa mai shekara 90 aka fara yi wa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara da ma'aikatan lafiya da tsofaffi, wato ke da Mama kuna sahun gaba. In ya iso inda kuke, ki fara karɓa, ki faɗa mata duk abin da kika ji a jikinki, har da ciwon dantse da ɗan zazzaɓin in ya zo, don jita-jita za ta riga ki isa kunnenta. Ki yi magana da likitan da ke duba mata suga da hawan jini kafin ranar tata. Yawancin rigakafin da aka fara fitarwa allura biyu ne, kuma sai an yi kamar mako biyu bayan ta biyun kariyar ke kankama, saboda haka kujerun nan biyu za su ci gaba da aiki har zuwa lokacin.